Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta 'Yan Ches a Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Tarukan wata-wata duk an yi su, ban da na watan azumi da muka ɗage.

Abin da ya fi faranta mini rai bana shi ne zaman da muka yi cikin hunturu kan haƙƙin masu rubuta manhajar ches. Kun san mafarinsa. Ƙanenmu ɗalibin jami'a ya ba mu ƙaramar manhajar da ya rubuta, muka haɗa ta da wasu, ta sha kashi, sai ya ce a cire sunanta daga jadawalin ƙarfin manhajoji da muke shirin fitarwa. Gardama ta kaure a kan ko yana da ikon hana mu bayyana sakamakon.

Ranar zaman, duk da sanyin Jos, ɗakin ya cika har wasu na tsaye a bakin ƙofa cikin rigunan sanyi, kofin shayi a hannu. Barista, wanda bai karɓi ko sisi ba, ya warware mana zare da abawa. Ya ce dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi: ba a kwafe ta, a raba ta ko a sayar da ita sai da izinin mai ita. Amma a ce manhaja kaza ta doke kaza, wannan ba da labarin abin da ya faru ne, ba satar aikin kowa ba. Inda ya ja mana kunne shi ne lasisi. Idan mai ita ya gindaya sharaɗi kafin ya miƙa maka, ka kuma amince, to ka ɗaure kanka.

Ya kawo misalin manhajar ches mai suna Stockfish, wadda kyauta ce amma a ƙarƙashin lasisin GPL: duk wanda ya gina wani abu a kanta ya raba wa jama'a, dole ya bayyana asalin rubutunsa. A kan haka masu ita suka maka kamfanin ChessBase a kotu a Jamus a 2021 saboda manhajojin Fat Fritz 2 da Houdini 6 da yake sayarwa, aka yi sulhu a 2022. Ya kuma tuna mana manhajar Rybka, wadda ƙungiyar wasannin kwamfuta ta duniya, ICGA, ta ƙwace wa kambunta na zakarar duniya a 2011 bisa zargin kwafe manhajojin Fruit da Crafty. Da ya gama, ƙanen namu ya miƙe, murya na ɗan rawa, ya ce a bar sunan manhajarsa, amma a rubuta lambar sigar da aka gwada, domin ya riga ya gyara ta. Aka tafa masa sosai. Ni dai na ga girmansa ranar.

Jadawalin kansa bai fito ba, kuma na ji ƙorafin da ake yi a bayan idona. Ƙungiyoyin da ke auna ƙarfin manhajojin ches, irin CCRL, ɗaruruwan wasanni suke bugawa kafin su ba manhaja maki; haka ma SSDF ta Suwidin ta riƙa yi bayan ta fara wannan aiki a 1984. Mu kwamfuta ɗaya gare mu, batirinta ya mutu. Da an ɗauke wuta wasa ya lalace, sai a koma farko. Sau biyu na sayi man janareta daga aljihuna, na uku ban iya ba. Ba zan fitar da maki daga 'yan wasanni ƙalilan in zubar da mutuncin yaron da ya amince da mu ba.

Kuɗin wata ne matsalar. Da yawanku kun sha shayi ranar zaman, amma littafin ma'aji bai ga hannunku ba tun farkon shekara. Na kira, na aika saƙo, wasu na bi su har shago a Terminus, kullum gobe. Wallahi na gaji da roƙo. Ma'aji zai zo da littafinsa ranar Asabar bayan la'asar, kuma abin da aka fara tarawa batiri za a saya da shi.

Sakatare