Kofi ɗaya na giya ba maganin zuciya ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in tanka wani guntun rubutu da na gani a shafinku na kiwon lafiya, wanda ya ce wai shan giya daidai wa daida yana kare zuciya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na kwashe shekara 31 ina aiki kafin in yi ritaya, yawanci a ɗakin masu hawan jini da ciwon zuciya. Zancen halacci da haramci na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Damuwata ita ce wannan magana ta tsufa, masu bincike sun wuce wurin, amma har yau tana yawo kamar jiya aka gano ta.

Ba daga sama ta faɗo ba. A 1991 wani masani Bafaranshe, Serge Renaud, ya fito a wani shirin talabijin na Amurka yana cewa Faransawa suna cin maiƙo sosai amma ciwon zuciya ba ya kashe su kamar Amurkawa, kuma ya ɗora abin a kan jar giyar inabi. Nan take kasuwarta ta buɗe. Alƙaluman wancan zamani ma sun goya masa baya, domin a kan takarda masu sha kaɗan sun fi waɗanda ba sa sha sam tsawon rai.

To, amma su wane ne aka zuba a rukunin waɗanda ba sa sha? A nan gizo ke saƙar. Na tuna wani dattijo da muka yi jinya, cikinsa ya kumbura da ruwa, idanunsa sun yi ɗorawa, hanta ta gaji. Likita ya ce masa ko ɗigo kada ya ƙara, kuma ya bari. Da a ce bayan shekara guda mai bincike ya zo masa da takardar tambayoyi ya ce, "Baba, kana shan giya?" amsarsa a'a ce, kuma bai yi ƙarya ba. Sai a lissafa shi cikin masu ƙaurace mata. Ran da ya rasu, mutuwarsa ta hau kan marasa sha, alhali giyar ce ta kai shi. Tara irinsa dubbai a wuri guda, dole masu kofi ɗaya su fito fes. Wani likita a Birtaniya, Shaper, ya nuna wannan kuskure tun 1988, sai dai labari mai daɗi ya fi gyara saurin tafiya. Ga shi kuma mai iya tsayawa a kofi ɗaya sau da yawa mutum ne mai abin hannu, mai cin abinci mai kyau, mai ganin likita a kan kari.

A 2023 an tattara nazarce-nazarce 107 da suka shafi mutum fiye da miliyan 4.8, aka tace irin waɗannan kurakurai, sai amfanin da ake ta yayatawa ya bi iska. Wanda ya fi gamsar da ni shi ne na ƙasar Sin da aka wallafa a 2019, a kan mutum kusan dubu 500. A can akwai masu gadon wata halitta da ke sa fuska ta yi ja, zuciya ta tashi da zarar sun kurɓa, don haka ba sa sha da yawa, ko talaka ne ko mai kuɗi. Da aka kwatanta su da waɗanda ba su gaji wannan halitta ba, sai aka ga hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suna ƙaruwa ne gwargwadon yawan sha, babu wani mataki da giya ke ba da kariya.

Abin da rubutun naku bai ambata ba ko sau ɗaya shi ne sankara. Tun 1988 hukumar binciken sankara da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa giya a rukuni na ɗaya, layi guda da taba. Hanta tana juya barasa zuwa wani sinadari, asitaldehaid, mai lalata ƙwayoyin halitta, kuma bai damu da ko kwalbar mai tsada ce ko mai arha ba. Aƙalla sankara iri bakwai ake dangantawa da giya, ciki har da sankarar baki, maƙogwaro, hanta, hanji da ta mama. Ta mama ce ta fi tsaya mini a rai, don haɗarinta yana fara hawa tun daga kofi ɗaya a rana, kuma mata kaɗan ne suka taɓa jin haka. Shi ya sa a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce babu wani adadi da za a kira marar haɗari.

Sannan ita kanta kalmar "kaɗan" ɗin nan. Duk wanda na tambaya nawa yake sha, amsa ɗaya ce: kofi ɗaya. Sai na koyi miƙa musu kofin auna magani in ce su nuna mini. Wani ya dubi kofin ya yi dariya, ya ware hannuwansa kamar mai kwatanta tulu. Hukumomi ma ba su daidaita ba: ma'auni ɗaya a Birtaniya giram 8 ne na tsantsar barasa, a Amurka 14.

Ba na son in zuzuta. Haɗarin kofi ɗaya ga mutum ɗaya ƙarami ne, bai kai na taba ba, kuma wanda ke shan biyar ya koma ɗaya ya yi wa jikinsa gata. Abin da ba zan lamunta ba shi ne mai hawan jini ya karanta jarida ya ɗauka an rubuta masa magani.

Idan za ku gyara rubutun, don Allah ku ƙara wannan: wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai a gida. Na ga masu yin haka an kawo su a kwana na biyu ko na uku suna karkarwa, suna gane-gane, wasu har da farfaɗiya. Ya fara zuwa asibiti, akwai magungunan da ake sauko da mutum da su a hankali.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya