Ina matan Haiti a shirinku na daren Asabar?

Assalamu alaikum Edita,

Raina ya ɓaci da shirinku na daren Asabar kan juyin juya halin da bayi suka yi a Haiti. Rabin awa cur, daga jagoran juyin Toussaint Louverture sai magajinsa Dessalines, daga Dessalines sai Toussaint, sai ka ce maza kaɗai Faransawa suka bautar a gonakin raken nan.

Ni da kaina na tara 'yan matana uku, na ƙwace wayoyinsu, na ce ku zo ku ji yadda bayi suka fatattaki Faransa. Ana gamawa autata ta ɗago kai ta ce, "Umma, su matan suna ina lokacin?" Wallahi ni na ji muku kunya.

Baƙon naku ya kawo taron dajin Bois Caïman na watan Agustan 1791, inda bayi suka ƙulla tawayen, ya yi ta yabon Boukman, ya tsallake Cécile Fatiman da suka jagoranci taron tare. Ina Victoria Montou, wato Toya, baiwar da mutanen Haiti ke cewa ita ta koya wa Dessalines faɗa tun suna bauta? Ina Marie-Jeanne da ta riƙe bindiga a ganuwar Crête-à-Pierrot a 1802? Ko Sanité Bélair bai ambata ba. Ita kam ba baiwa ba ce, amma ta kai muƙamin laftana, kuma ranar da Faransawa za su kashe ta a Oktoban 1802 ta ƙi yarda a ɗaure mata ido. Hotonta fa Haiti ta sa a takardar kuɗi ta gourde 10 a 2004.

Waɗanda suka fi tsaya min a rai ma ba a san sunayensu ba. Bayan an soke bauta a 1793, aka yanka wa matan gona kashi biyu cikin uku na rabon namiji, alhali rake ɗaya suke sara, rana ɗaya ke dukansu. Suka ce ba su yarda ba, sai a biya su daidai. Wannan bai isa a ba shi ko minti biyu ba? Shekara goma sha tara ina koyarwa, na san yadda yarinya ke gyara zama idan ta ji sunan mace a darasi.

Sannan don Allah, tallan maganin basir ɗin nan. Sau huɗu na ƙirga a cikin shiri ɗaya, na ƙarshen ma ana tsakiyar bayanin ranar 1 ga Janairun 1804, ranar 'yancin kan Haiti, kuka katse mutum.

Taku mai sauraro,
Malamar sakandare, daga Zariya