Masu ba da sikolashif, ku riƙa buɗe transkirif ɗinmu

Assalamu alaikum Edita, don Allah ɗan sam min fili in amayar da abin da ke cina, na san ba ni kaɗai ba ne.

Na gama digiri a fannin noma da CGPA 3.41, wato matsakaicin makina na duka shekarun karatu. Duk wanda ya zauna a jami'o'inmu ya san 2:1, matakin digirin da ke bin fes kilas, daga 3.50 take farawa, to ka ga 0.09 ne kawai ya jefa ni 2:2, kuma wallahi har yau wannan ɗan ɗigon nake biya. Aji ɗaya da aji biyu Babanmu na kwance da ciwon ƙoda, ni ne babba, ni ke zaman jinya, in kwana kan benci a asibiti da safe in kama mota in tafi lakca ido jajur, haka na kwaso kariyoba biyu, wato na faɗi kemistiri da lissafi sai da na maimaita su. Allah ya jiƙansa. Daga aji uku abu ya daidaita, aji huɗu da biyar ban taɓa sauka ƙasa da 4.3 ba duk da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 da ya katse mu, furojet ɗina kan gishirin da ke taruwa a gonakin noman rani kuwa A aka ba ni.

Amma wa zai ga wannan? Bara na nemi tallafin bincike a wata hukuma, sati uku ina gyara furofozal, ranar cikewa na shiga fotal, na zo gurbin matakin digiri na danna 2:2, nan take shafin ya ce ban cancanta ba. Ko wurin ɗora transkirif, takardar da ke nuna makin kowane kwas, ban kai ba. Kwamfuta ce ta kore ni, ba mutum ba, da ma wani farfesa ne ya karanta ya ce aikin bai yi ba da na haƙura.

Ban ce a daina girmama masu fes kilas ba, sun sha wuya, haƙƙinsu ne. Sai dai bincike ai ba jarrabawar aji ɗaya ba ce, wanda ya fara da 2.5 ya ƙare da 4.5 ya nuna wani abu da jimilla ba ta nunawa. Roƙona ga gwamnatocin jihohi da attajiranmu masu ɗaukar nauyin karatu, ku ware ko 'yan gurabe kaɗan da za a duba makin shekaru biyun ƙarshe da furojet, a kira mutum intabiyu ya kare kansa.

'Yan'uwana masu 2:2 kuma, ƙofa ba duka ta rufe ba. Sikolashif ɗin Chevening ta Birtaniya galibi daidai da 2:1 take nema, ga awa 2,800 na gogewar aiki. TETFund kuwa, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, tallafinta na ƙaro karatu na malaman manyan makarantun gwamnati ne, in ba ka koyarwa kar ka ɓata datarka. Amma sikolashif ɗin Commonwealth tana karɓar mai 2:2 idan ya haɗa da mastas a fannin da ya dace, ni sai a makare na sani. Shi ya sa na shiga mastas a nan gida, da kuɗin sai da taki a shagon kawuna nake biya.

Sufabaizana na mastas da ya ga takardar bayanin kaina ta neman sikolashif, shafi guda cur ina labarin jinya, jan biro ya sa ya soke, ya ce ba sadaka kake nema ba, layi uku ya isa, faɗi abin da ya faru ka nuna makin da ya biyo baya ka wuce kan bincikenka. Ya kuma ce takardar shaida in karɓa wurin malamin da ya koyar da ni a aji biyar, ba mai babban suna da bai san fuskata ba. Haka na yi, yanzu saura min babi biyu in kammala.

Naka,
Wani ɗalibin mastas, daga Funtuwa