A Sa Littafi Cikin Kayan Sallah

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, da fatan ana shan ruwa lafiya, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da iyaye da yayye da kawunnai, waɗanda a 'yan kwanakin nan ba su da wata hira sai ta kayan Sallah.

Azumi ya raba tsakiya, Kantin Kwari ta cika ta batse, teloli sun daina karɓar ɗinki. Kowane magidanci yana da lissafinsa: shadda, atamfa, takalma, hula, mayafi, kuɗin kitso da lalle, sannan kaji da shinkafa. Duk wannan daidai ne, faranta wa iyali rai ranar Idi abu ne mai kyau. Abin da ke damuna shi ne da wuya ka ji wanda ya sa littafi ko guda a cikin wannan lissafi. Yara za su yi yawon Sallah su tara goron Sallah, ya ƙare a alewa da balan-balan da katin waya, makaranta kuma tana rufe, ga lokaci a hannunsu babu abin karantawa. Ni dai ina ganin littafin labari ya cancanci shiga cikin ledar da ake miƙa wa yaro, tare da sabuwar rigarsa.

Wani zai ce to wane littafi? Tambaya ce mai kyau, domin yawancin iyaye ba ƙin saye suke yi ba, rashin sanin abin da za su nema ne.

Ga yaran firamare da na ƙaramar sakandare, har gobe ban ga abin da ya kama ƙafar Magana Jari Ce na Abubakar Imam ba. Littafi uku ne, sun fito a ƙarshen shekarun 1930, amma yaron yau ma in ya fara jin yadda aku ke jan hankalin ɗan sarki da labari bayan labari don ya hana shi fita, ba zai ajiye ba. A haɗa masa da Ruwan Bagaja, ya sha dariyar yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ɗana wa juna tarko. Wannan na biyun ya samo asali ne daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta haifar mana da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shaihu Umar ya fi dacewa da wanda ya ɗan tasa, saboda maganar bauta da rabuwar uwa da ɗanta tana da nauyi. Na san akwai masu cewa an gaji da tsofaffin littattafan nan. Mu manya ne muka karanta su, 'ya'yanmu da yawa sunansu kawai suka sani, don amsa tambayar jarrabawa.

Ga 'yan mata da matan aure, a nemi So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980, labarin Boɗaɗo, yarinya Bafulatana da ta tsaya kan wanda take so. Sai Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. A nan zan ɗan tsaya. Labarin Rabi ne, matar da miji ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi amarya, ta tashi tsaye da sana'ar sayar da abinci ta riƙe su. Babu unguwar da ba a san irin Rabi ba. Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Turanci, wani kamfani mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya buga shi a 2012. Mutanen Indiya sun ga darajarsa har sun zuba kuɗinsu, mu kuwa da aka rubuta shi da harshenmu, a garinmu, sai mutum ya sha yawo kafin ya sami kwafi mai kyau. Kuma ba mata kaɗai ya kamata su karanta shi ba. Duk saurayin da ke shirin aure, in aka ba shi wannan littafi an yi masa gata.

To ina sababbin? A nan ne nake so a buɗe kunne, domin ana yawan cewa rubutun Hausa ya mutu, alhali wuri kawai ya sauya. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai, wadda aka faro ta don mata zalla. Labarin farko da ya lashe ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, ya shiga rayuwar mutanen da rikici ya raba da gidajensu. A 2022 Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ce ta zo ta ɗaya da Garar Biki, abin da ya tuna mana cewa kasuwar littafin Hausa ba ta tsaya a Jibiya ko Illela ba, ta wuce har Maraɗi da Damagaram. Waɗannan marubuta suna taɓo gudun hijira, da fyaɗe, da tsadar aure, da halin da marayu ke ciki, da Hausar da ake yi yau a gida da kasuwa. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi fice a irin wannan gasa suna da wasu rubuce-rubucen nasu da suke sayarwa. Wanda ya ji labarin wata a rediyo ya burge shi, ya nemi sauran aikinta ya saya. Haka nan akwai gasar da Cibiyar Gusau da ke Kaduna ke shirya wa marubutan Hausa, da bikin littattafai na HIBAF da aka fara a Kaduna a 2021. Duk waɗannan wurare ne da mai neman sabon abin karantawa zai iya samun sunaye.

Ga wanda ke karatu da Turanci, akwai 'yan Arewa da ke rubuta rayuwarmu da harshen. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim ya fito a 2015, ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016. Labarin wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu a rikicin Jos, da alaƙar da ta shiga tsakaninta da wani matashi ɗan bangar siyasa. Ina faɗa da babbar murya, littafin manya ne, kada a saya wa ɗan sakandare. Marubucin ya sake fitar da When We Were Fireflies a 2023. Akwai kuma Born on a Tuesday na Elnathan John, labarin almajiri Ɗantala da yadda siyasa da rikicin aƙida suka yi ta jifa da shi har Sakkwato. Mai karatu zai iya saɓa wa marubutan nan a wasu wurare, ni ma akwai inda ban gamsu ba, amma gara mu karanta mu yi muhawara da hujja a hannu.

Wannan ya kawo ni ga dokar da nake ganin ta fi kowacce muhimmanci wajen sayen littafin kyauta: mai bayarwa ya leƙa ciki kafin ya miƙa. Ba duk abin da aka rubuta da Hausa ne ya dace da kowa ba. A cikin abin da ke yawo a wayoyi akwai na batsa tsagwaronta, kuma su ne suka ɓata wa marubutan kirki suna har wasu iyaye suka ɗauki kowane littafin Hausa a matsayin abin ɓata tarbiyya. Maganin wannan shi ne uba ko uwa su zaɓa da kansu. In kuma littafin mai kashi-kashi ne, na ɗaya da na biyu da na uku, a saye su gaba ɗaya, a duba shafuka ko sun cika, ko bugun ya fito, domin akwai na jabu da tawadarsu ke dishi-dishi.

Sai maganar biya. Tsadar takarda, wadda yawancinta daga waje ake shigowa da ita, da faɗuwar darajar naira sun sa marubuta da dama sun haƙura da zuwa maɗaba'a. Sun koma manhajojin karatu na Wattpad da ArewaBooks, da zaurukan WhatsApp, inda mai karatu ke tura ɗan kuɗi kaɗan a ba shi labari. Manhajar OkadaBooks da wasu suka dogara da ita ta rufe a 2023. Abin baƙin ciki, mutum ɗaya zai biya, sai ya watsa littafin a zaure goma. Wasu kuma su karanta shi a YouTube suna karɓar kuɗin talla ba tare da izinin mai shi ba. Baiwar Allah ta hana idonta barci wata da watanni, ga girki ga raino, a ƙarshe ko kuɗin data ba ta mayar ba. Wannan hakki ne, kuma a watan da muke ta neman gafara bai kamata mu raina shi ba. Wanda yake son yi wa ƙanwarsa ko matarsa toshin Sallah da littafin waya, ya tura kuɗin ga marubuciyar kai tsaye, a sa sunan wadda aka saya wa.

Ranka ya daɗe, ga roƙona gare ka. Ku ware shafi ɗaya, ko rabin shafi ma, kowane mako don sharhin sababbin littattafan Hausa: sunan littafi, wanda ya rubuta, abin da ya ƙunsa a taƙaice, shekarun da ya dace da su, da inda za a same shi, ko a shagunan Sabon Gari a Kano ne, ko Zariya, ko ta waya. A sami masu sharhin da za su faɗi gaskiya, in littafi ya yi rauni su ce ya yi, kada shafin ya zama dandalin yabon abokai. Malaman sassan Hausa na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna nan, ɗalibansu na nazarin waɗannan littattafai kullum, rubutun yana ƙarewa a ajiye a kan kantoci. Ƙungiyar marubuta ta ANA ma tana da rassa a jihohi. In za a fara kafin Sallar nan da jerin littattafai goma na yara da goma na manya, masu shirin shiga kasuwa a goman ƙarshe za su tafi da shi a aljihu.

Allah ya karɓi ibadunmu, ya nuna mana Sallah lafiya.

Naka,
Wani malamin makaranta mai karanta jaridarku,
Zariya.