A Riƙa Duba Makarantun Ƙananan Yara a Zango

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Dokar ilimi ta Ghana ta 2008 ta sanya shekara biyu na ajin share fage cikin karatun dole kuma kyauta, manhajar 2019 kuwa ta ce a koyar da yaran ta hanyar wasa. Amma a wasu makarantun kuɗi na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi za ka tarar da ɗaki cike maƙil, babu iska, babu makewayi, malama riƙe da bulala tana sa 'yan shekara 4 haddar abin da ba su gane ba, abin da ke ci mini rai matuƙa. Ina roƙon hukumar NaSIA, mai duba makarantu da ba su lasisi a Ghana, ta riƙa shigowa lungunanmu ba sanarwa, ta kuma bayyana wa iyaye makarantun da ke da lasisi.

Naku,
Wani mahaifi, Kumasi