Kuɗin cike fom ke kayar da 'ya'yan karkara tun kafin a kai ga tallafin karatu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan abin da na shafe kusan shekara guda ina fama da shi.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, kuma ɗan manomi ne. A lissafi na yi digirina na farko. Tun bara nake neman gurbin digiri na biyu a fannin da ake kira injiniyancin kuɗi. Ranar da na fara gaya wa Baba, muna zaune a zaure bayan sallar isha'i, sai ya tambaye ni ko injin ƙirga kuɗi zan koyo gyarawa. Na ce masa, "Baba, ka tuna shekarar da ka karɓi kuɗin ba-da-kaka a tsakiyar damina don sayen taki da biyan 'yan ƙodago, aka yi alkawarin buhu uku na riɗi?" Ya ce ya tuna, ai ranar da aka zo ɗaukar buhunan bai iya cin tuwon dare ba. A kakar nan riɗi ya yi tsada, wanda ya ba shi kuɗin ya kai kayan Maigatari ranar Alhamis ya sayar kusan ninki biyu. Na ce masa karatun da nake nema shi ne a zauna da alƙalami a duba yadda farashi ya saba hawa da sauka, a fitar da abin da ya dace a ba manomi tun a damina, yadda ba a ƙware shi ba, shi ma mai kuɗin bai yi asara ba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "In haka ne, je ka nemo. Allah ya yi albarka."

Wannan ilimi daga hatsi ya faro. A 1848 'yan kasuwar hatsi suka kafa kasuwarsu a birnin Chicago na Amurka, inda daga baya aka tsara cinikin gaba: a yanke farashin masara ko alkama yau, a kawo kaya bayan watanni. A 1973 Fischer Black da Myron Scholes, tare da aikin Robert Merton, suka fitar da lissafin da ke nuna kuɗin da ya kamata mutum ya biya don a ba shi damar saye ko sayar da kadara a kan wani farashi nan gaba, ba tare da ya zama dole a kansa ba. Scholes da Merton sun samu kyautar Nobel a 1997, shi Black ya riga ya rasu a 1995. Jami'ar Carnegie Mellon ta buɗe digiri na biyu a wannan fanni a 1994, wasu suka biyo baya, irin su Berkeley da Columbia da kwalejin Baruch da ke New York, da Oxford a Ingila. Abin da suke nema wurin ɗalibi shi ne ya ƙware a kalkulas da aljabara da lissafin yiwuwar aukuwar abu, kuma ya iya rubuta manhaja da Python ko C++. Yawancin waɗannan darussa duk wanda ya yi digirin lissafi a jami'o'inmu ya zauna ajinsu.

Na san wasu masu karatu za su ce ai wannan harkar riba ce da caca. Limamin garinmu ma ya tare ni da maganar, kuma ban ga laifinsa ba. Gaskiya ne da yawa daga cikin abin da ake koyarwa a can a kan kuɗin ruwa aka gina shi, kuma duniya ta ga abin da ya faru a 2008, lokacin da aka cuɗanya basussukan gidaje aka sayar wa mutane da sunan ba su da haɗari, har bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba. Amma na tuna wa Malam hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim. Manzon Allah (SAW) ya iske mutanen Madina suna biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin ya nuna, bai hana su ba, sai ya umarce su da su yi shi da sanannen awo, sanannen nauyi, zuwa sanannen lokaci. Shi ne cinikin salam da muka karanta a littattafan fiƙihu. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012. A 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na naira biliyan 100 don aikin hanyoyi. Duk waɗannan sai an zauna an yi musu lissafi, kuma ni na fi son mai lissafin ya zama wanda ya san fiƙihu, ya kuma san yadda ake kakkaɓe riɗi a kan tamfol.

To, ga inda gizo ke saƙar. Duk tallafin karatun waje da na bi diddiginsa, na gwamnati ne ko na masu hali, ana fara maganarsa ne bayan ka kawo takardar samun gurbi. Babu mai tambayar yadda aka yi takardar ta zo hannunka.

Sai da na fara yin fasfo. Daga nan jarrabawar GRE ta masu neman shiga digiri na biyu, wadda kuɗinta ya haura dala 200. A ɓangaren lissafinta ana ba da maki daga 130 zuwa 170, kuma manyan makarantun wannan fanni suna son ka kusanci 170. Ga jarrabawar Turanci, TOEFL ko IELTS, ita ma da nata kuɗin. Wasu makarantun sai ka biya wani kamfani ya tantance sakamakonka ya juya shi zuwa irin ma'auninsu. Sannan kowace makaranta da kuɗin fom ɗinta, wata har sama da dala 100, kuma ba a mayarwa ko ba a ɗauke ka ba. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Mai albashin malamin makaranta ya lissafa da kansa. Katin bankina ma ƙin biya ya yi, sai wani ɗan garinmu da ke aiki a Kano ya biya da nasa, na tura masa naira. Kuɗin jarrabawar da na motar Abuja daga ragon da Inna ta yi wata takwas tana kiwo suka fito. Ita ta kama igiyarsa ta miƙa wa ƙanena ta ce a kai shi Gumel, ba ta ko shawarce ni ba.

Abin da ya fi min ciwo ba kuɗi ba ne. Makarantun nan yawanci a Disamba ko Janairu suke rufe karɓar takardu. Na nemi cikakkiyar takardar sakamakona daga inda na yi karatu tun watan Satumba. Sau huɗu ina zuwa, kullum a ce fayil yana wani ofishi. Ta fito kwana tara bayan ɗaya daga cikin makarantun ta rufe, alhali na riga na biya kuɗin fom ɗinta. Cikin malamai uku da na roƙa su rubuta min takardar shaida, biyu sun rubuta cikin mako guda, Allah ya saka musu da alheri. Na ukun bai buɗe saƙon da makarantar ta aiko masa ba sai da na je na same shi da kaina.

Wata makarantar ta kira ni ganawa ta bidiyo. Rana tsaka ce a wurinsu, mu kuwa nan magariba ta wuce. A gida sabis ba ya ɗaukar hoto, sai na kai laftof shagon mai cajin waya ya cika, na koma bayan makarantarmu inda sabis ya fi ƙarfi, na shimfiɗa tabarma, ƙanena ya riƙe min fitila a gefen fuska. Sanyin hunturu na kaɗa ni, ga ƙura. Suka tambaye ni, idan ana jefa kwabo har sai gefen da ke da hoton kai ya fito sau biyu a jere, jifa nawa ake sa ran yi? Na ce shida, na nuna musu yadda aka samo shi a takarda ta kyamara. Sau biyu layin na yankewa kafin mu gama. Tambayar nan akwai wata yarinya 'yar aji biyar a makarantarmu da na tabbata za ta warware ta in aka ba ta rabin sa'a, kuma mahaifinta ba shi da ragon sayarwa.

Don haka roƙona ga hukumomin tallafin karatu na Jigawa da Kano, da attajiranmu na Dawanau da Kwari da Singa masu fitar da zakka da sadaka: a ware wani ɗan kaso don matakin nema. A yi wa masu digirin lissafi da kimiyyar lissafi da kwamfuta gwaji a nan gida, waɗanda suka yi zarra a biya musu jarrabawa da fom uku ko huɗu. Kuɗin makarantar ɗalibi ɗaya a wasu jami'o'in Amurka ya haura dala 80,000, abin da zai buɗe wa gomman yara ƙofa. Jami'o'inmu kuma su yanke wa'adin fitar da takardar sakamako, su tsaya a kansa.

Ga 'yan uwana masu son wannan hanya, kada ku zuba kuɗinku duka a manyan sunaye, domin ba kasafai suke ɗaukar nauyin ɗalibi gaba ɗaya ba. Jami'ar WorldQuant tana koyar da wannan digiri ta intanet kyauta, shekara biyu, sai dai ka ci gwajin lissafinsu, kuma data da wuta a kanka suke. Cibiyar nazarin lissafi ta AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar nauyin karatu da masauki da abinci ga waɗanda ta zaɓa, kuma tsani ce mai kyau. Wasu makarantun sun daina tilasta GRE, wasu kuma suna yafe kuɗin fom in ka rubuta ka roƙa. Ni sai bayan na biya biyu na san haka.

Yanzu takarduna suna wuri uku, ina jiran amsa zuwa watan Maris. Kafin nan ina koya wa yara huɗu Python da laftof ɗina ranar Asabar bayan la'asar. Jiya Baba ya tambaye ni ko in sun ɗauke ni zan dawo kafin a sake shuka riɗi. Na ce masa sai damina ta biyu, in Allah ya yarda.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Malamin lissafi,
Ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, Jihar Jigawa