Wasiƙa zuwa ga aminina a kan wasannin da suka farfaɗo da tsohuwar kwamfutata

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma sanyin can bai takura muku ba. Shirun ya yi yawa, domin wata biyar ke nan ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar Juma'a ta waya. Abin da ya zaunar da ni rubutu yau shi ne tsohuwar kwamfutar nan tawa, wadda tun bara kake cewa in sayar wa 'yan gwangwan. To, ta farfaɗo, kuma yanzu layi ake bi a gidanmu kafin a samu zama a gabanta.

Ka san tallafin Windows 10 ya ƙare tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta hawa kan inji mai shekaru irin nawa. Da ƙanena ya zo hutu daga jami'a, sai ya ɗora mini Linux Mint, wato wani nau'in Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, daga filash, bai kai awa guda ba ya gama. Fargabata a lokacin ita ce yara, don na ɗauka babu sauran wasa a gare su. Ashe akwai wasanni da dama da aka gina domin Linux kai tsaye, kuma kyauta ne. Ba ina nufin wasannin Windows da ake lallaɓawa su yi aiki ta hanyar Wine, ko Proton da kamfanin Valve ya fitar a 2018 ba, waɗannan tamkar mai magana ta bakin tafinta suke. Waɗanda nake ba ka labari da injin suke magana baki da baki, shi ya sa ko tsohuwar kwamfuta takan iya ɗaukar yawancinsu.

Yara sun maƙale wa SuperTuxKart, tseren ƙananan motoci ne da ake raba allo ɗaya gida biyu ko huɗu, kowa yana kallon motarsa. Auta kullum Tux take zaɓa, wato tsuntsun ƙanƙarar nan da ke tambarin Linux. Yayanta kuwa ya koma Luanti, wanda aka sani da Minetest kafin a sauya masa suna a 2024, yana ta jera tubala wai yana gina ganuwar Kano.

Ni wanda ya kama ni shi ne 0 A.D., kuma saboda shi ne ka faɗo mini a rai. Wasu masu sa-kai da suke kiran kansu Wildfire Games suka fara shi a 2001 a matsayin ƙari a kan Age of Empires II, wancan da muka ƙarar da kuɗin abincinmu a kansa a shagon kwamfuta na bakin makaranta. Daga baya suka mayar da shi wasa mai zaman kansa, a 2009 kuma suka buɗe rubutun manhajarsa ga kowa. Za ka tara abinci da itace da dutse da ƙarfe, ka kafa gari, ka ɗaura yaƙi. Akwai Rumawa da Farisawa da mutanen Kartaj, tsohon birnin nan na Arewacin Afirka, amma tun 2018 aka ƙara daular Kush, wadda ta yi zamani a ƙasar Sudan ta yau, da dalarta irin ta Meroe da ka ɗauko mana hotonta lokacin da kake karatu a Sudan. Har sarauniyar Kush, Amanirenas, wadda ta gwabza da Rumawa a kudancin Masar, tana cikin jaruman da ake fitarwa fagen fama. Wallahi ranar da na fara ganin baƙaƙen mayaƙa a kan allo suna da birni da haikali da sarauta tasu, sai da na kira yara suka zo suka gani. Aibinsa ɗaya, nauyinsa ya haura gigabait guda, kuma idan runduna ta yi yawa kwamfutata takan fara ɗingishi.

A daren da wuta ba ta da tabbas, Battle for Wesnoth nake buɗewa, wanda David White ya fara a 2003. Bi da bi ake yin sa kamar dara, kuma yana ajiye inda ka tsaya da kansa, saboda haka ko batir ya mutu ba ka yi asara ba. Akwai matsafa da fatalwa a cikin labarinsa, shi ya sa ban sakar wa yara shi ba tukuna.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne lasisinsu. Ka tuna faya-fayan da muke saye a kasuwa, waɗanda rabinsu ƙwayar cuta ce, ga kuma zuciya ba ta natsu da halaccinsu ba. Waɗannan kuwa masu su ne da kansu suka rubuta cewa a kwafa, a raba, a gyara. Babu talla, babu mai neman kuɗi a tsakiyar wasa, kuma da zarar ka sauke sau ɗaya ba ka ƙara sayen data sai idan da na nesa za ka kara. Gida uku a layinmu sun riga sun karɓa a filash.

Ga roƙona. Na duba jerin harsunan da ke cikin 0 A.D. ɗin da na sauke, ban ga Hausa ba, alhali masu sa-kai ne suke yin fassarar a dandalin Transifex, kuma ƙofa a buɗe take. Abin ya tsaya mini a rai, domin harshen da yake da barde da lifidi da sulke da kwalkwali, yake da 'yan baka da 'yan mashi da Madawaki, bai kamata a ce ya rasa kalmomin wasan yaƙi ba. Na fara jera kalmomi a littafi, amma na cije a kan sunayen injinan rushe ganuwa da na jiragen ruwan yaƙi. Kai ne ka zauna da Baba, Allah ya jiƙansa, ka ji labaran yaƙin Basasar Kano da na Ningi daga bakinsa, saboda haka kunnenka ya fi nawa. Idan za ka ba ni awa biyu a mako, sai mu raba aikin, ni in ɗauki gine-gine da umarnin wasa, kai ka ɗauki mayaƙa da makamai.

Ka sauke shi kafin Asabar, yana aiki a Windows ɗinka ma, kada ka kawo mini uzuri. Bayan sallar isha'i ta nan zan buɗe fage, kuma Kush tawa ce, sai ka nemi wata daular. Ka gaida uwargida da yara, Hajiya ma tana gaishe ku, tana tambayar yaushe za ku zo.

Wassalam,
Naka amini.